Keken Hawan Dutse: In Sayi Nawa Ko In Ci Gaba da Haya?

Sabon Mahayi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta fito da ni. Wata huɗu ke nan da wani abokin aikina ya ja ni muka tafi hawan keke a cikin duwatsu, kuma tun daga ranar abin ya shiga raina, har na sake komawa sau shida, kowane zuwa da keken haya. Yanzu na tara ɗan abin da zai iya saya mini ɗaya daga cikin biyu: ko dai sabon keke mai shokazoba a gaba kawai, ko kuwa na hannu mai shokazoba gaba da baya, wanda mai shi ya ce ya shekara biyar yana hawa. Wata zuciyar kuma tana ce mini in bar kuɗina a aljihu in ci gaba da haya, tunda ba kullum nake fita ba, kuma mai haya ba ya tunanin gyara ko wurin ajiya. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su ba ni shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani.

Ɗan Gangara:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, barka da fitowa. Ni shawarata a miƙe take: ka ɗauki mai shokazoba biyun. Duk wanda ya taɓa sauko wa gangara mai duwatsu da saiwoyi ya san bambancin da ke tsakanin keken da tayarsa ta baya take bin ƙasa da wanda tayarsa take tsalle tana neman jefar da mai shi. Idan tayar baya tana manne da ƙasa, birki zai kama yadda ake so, kwana za ta shiga ba tare da zamiya ba, kuma bayanka da cinyoyinka ba za su sha dukan da zai hana ka fita washegari ba. Na yi shekara biyu a kan mai shokazoba ɗaya kafin in canza, kuma ranar da na fara sauka da sabon, wuraren da a da nake sauka in tura da hannu na wuce su ban ko taɓa ƙasa da ƙafa ba. Batun haya kuwa, amfaninta shi ne mutum ya gwada ya gani ko abin zai karɓe shi. Kai ka riga ka gwada har sau bakwai, amsar ta fito.

Tsohon Mahayi:

Ɗana Sabon Mahayi, na ji daɗin tambayarka, kuma na ji amsar Ɗan Gangara, amma ban yarda da rabinta ba. Inda muka haɗu da shi shi ne ka sayi naka. Inda muka rabu shi ne wanne za ka saya, kuma kafin in faɗi dalilina bari in ɗan koma baya, domin tarihin wannan wasa yana da abin da zai ce a kan tambayar.

A shekarun 1970, wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faffaɗar taya, suna hawa da su kan tsaunin Tamalpais da tuddan da ke kewaye da shi. Babu shokazoba ko ɗaya a jikinsu, kuma da yawansu birkinsu irin na feda ne, wanda ake taka baya ya kama. A watan Oktoba na 1976 suka fara tsere a wata gangara mai tsawon kilomita uku da ɗoriya, wadda take sauka kusan mita 400. Tsananin taka birki yakan sa giris ɗin da ke cikin cibiyar wilin baya ya ƙone har ya yi hayaƙi, dole bayan an sauka a kwance a sake cusa wani, kuma daga wannan aikin ne gangarar ta samo sunanta na Repack, wato sake cusawa da Turanci. Cikin waɗannan samari akwai Gary Fisher da Charlie Kelly da Joe Breeze, kuma Breeze ne a 1977 ya zauna ya ƙera firam musamman domin irin wannan hawa. Sai a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan dutse na farko da aka ƙera da yawa aka kai kasuwa.

Abin da nake so ka duba a nan shi ne, mutanen da suka kafa wannan wasa sun same shi ne a kan kekunan da suka san cikinsu da bayansu, domin su suke kwance su, su suke ɗaura su. Mai shokazoba ɗaya zai koya maka abin da mai biyu zai ɓoye maka. Zai tilasta maka ka zaɓi inda tayarka za ta bi, ka tashi daga kan sirdi idan wuri ya yi tsauri, ka mayar da gwiwoyinka da gwiwoyin hannunka su zama su ne shokazobar. Wanda ya koyi wannan tun farko, duk keken da ya hau daga baya zai yi masa sauƙi. Ni shekarata 19 ina wannan hawa, kuma keken da na fi daɗewa da shi har yanzu mai shokazoba ɗaya ne.

Mai Gyara:

Baba ya yi magana ta fuskar koyo, ni kuma bari in yi ta fuskar abin da nake gani a gaban bencina. Ba na kushe mai shokazoba biyu, kaya ne mai kyau idan yana da lafiya. Matsalar ita ce kalmar "na hannu" da kuma shekara biyar ɗin nan.

Irin wannan keke yana da gaɓoɓi a bayansa inda firam yake lanƙwasawa, kuma kowace gaɓa tana da boris a ciki. Ruwa da ƙura suna cin boris ɗin a hankali, mai keken ma ba lalle ya lura ba. Idan ka je dubawa, ka kama sirdin ka ɗan ɗaga keken sama a hankali. Idan ka ji wani ɗan ƙwas kafin tayar baya ta bar ƙasa, to akwai gaɓar da ta saki. Ka kuma kama wilin baya ka girgiza shi hagu da dama. Bayan haka ka dubi sandunan shokazobar masu sheƙi, waɗanda suke shiga suna fita. Idan akwai ƙarzuwa a jikinsu ko launinsu ya koɗe a wani gefe, su ne za su riƙa yanka robar da ke tare mai, kuma wannan ba gyaran faci ba ne, canji ne. Masu ƙera waɗannan kaya, irin su RockShox, suna so a yi wa shokazoba ƙaramin sabis bayan kamar awa 50 na hawa. Ka tambayi mai keken yaushe ya yi na ƙarshe, kuma ka lura da yadda zai amsa.

Sannan ka wanke firam ɗin ko ka sa a goge shi, ka bi wuraren walda da fitila, musamman ƙarƙashin wuyan keken da kewayen inda feda take shiga. Tsaga takan fara kamar silin gashi a cikin fenti. Sai sarƙa. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sakawa a tsakanin ƙwayoyinta. A kekuna masu giya 11 ko 12 a baya, idan ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari an so a canza ta. Wanda ya bar ta ta wuce haka, haƙoran giyar baya ma sun tafi tare da ita, sabuwar sarƙa ba za ta zauna a kansu ba sai tsalle.

Idan ka tara duk waɗannan, sau da yawa wanda ya sayi na hannu yakan tarar ya sayi aikin gyara ne, watan farko keken yana wajena shi yana gida. Sabon mai shokazoba ɗaya kuwa ba shi da gaɓa ko ɗaya a baya, ya fi sauƙin nauyi a mafi yawan lokuta, kuma kusan duk abin da zai same shi a shekarar farko kai da kanka za ka iya gyarawa.

Ɗan Gangara:

Malam Mai Gyara, na karɓi maganarka a kan na hannu, domin kai ne kake buɗe cikinsu. Amma Baba, da girmanka, ina ganin tarihin da ka kawo yana goyon bayana ne. Waɗannan samarin ba su zauna a kan tsofaffin kekunan ba, su ne suka yi ta ƙara musu giya da birkin babur domin abin da suke da shi bai ishe su ba. A wajajen 1990 aka fara sayar da shokazobar gaba, daga baya ta baya ta biyo, kuma yau idan ka kalli tseren duniya za ka ga akasarin manyan 'yan wasa a kan masu shokazoba biyu suke, har a tseren da hawan tudu ya fi yawa. Ba na son mu mayar da wahala ta zama ita ce manufa. Idan kayan aiki zai rage wa sabon shiga faɗuwa, me zai sa mu ce sai ya faɗi tukuna?

Uwar 'Yan Biyu:

Ina gaishe da kowa. Na ga muhawarar ta karkata kan shokazoba, an bar tambaya ta uku a baya, wato haya, alhali ni a ganina ita ce babba. Ƙanina Sabon Mahayi, bari in ba ka labarin abin da ya raba ni da keken haya.

Na taɓa karɓar keke a wani wurin haya da ba zan ambata ba, na hau na tafi ban gwada komai ba saboda abokan tafiya sun yi gaba. Ashe an ɗaura birkinsa ne akasin yadda na saba. A wasu ƙasashe, kamar Ingila, hannun dama ne yake kama tayar gaba, a Amurka da yawancin Turai kuwa hannun hagu ne. A gangarar farko na ga dutse a gabana, na damƙe hannun da na san na baya ne, sai tayar gaba ta tsaya cik, na wuce ta saman kan keken na faɗi a kan kafaɗa. Hular kwanona ta tsage daga gefe. Na tashi da ƙujewa kawai, amma na yi sati uku ban iya ɗaga hannu sama ba. Laifin nawa ne da ban gwada ba, amma darasin ya wuce wannan: a lokacin da abu ya taso ba zato, hannu ba ya jiran tunani, abin da ya saba shi yake yi. Saboda haka dole ne keke ya zama wanda jikinka ya haddace.

Wannan kuwa shi ne daɗin da ba na jin an faɗa maka tukuna. Kekena ya shekara shida a hannuna. Na san tsawon sirdinsa har na yi masa alama da fenti, na san daidai inda birki yake fara kamawa a ƙarƙashin yatsana, na san ƙarar da sarƙarsa take yi idan tana neman mai. Ranar hutu nakan fita gari bai gama wayewa ba, raɓa tana kan ciyawa, ba na jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da numfashina. Akwai wani tudu da nake hawa wanda a shekarar farko sai na tsaya sau uku kafin in kai samansa, a daidai wata bishiya da ta karkata, da wani faffaɗan dutse, da kuma kwanar ƙarshe. Ranar da na wuce bishiyar ban tsaya ba, na wuce dutsen, na shiga kwanar ƙafafuna suna rawa, na fito sama na ga kwarin duka a shimfiɗe hazo yana tashi daga cikinsa, na zauna a kan wani dutse na daɗe ban iya cewa komai ba. Mai haya ba zai samu wannan fitar ta asuba ba, domin a lokacin ba a buɗe shago ba, kuma kowane zuwa sabon keke zai tarar wanda sai ya ɓata rabin tafiyar yana koyon halinsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga 'yan'uwana mata da suke karantawa ba sa magana: tun ranar da aka shigar da wannan wasa cikin gasar Olamfik a Atlanta a 1996 akwai tseren mata, kuma Paola Pezzo ta Italiya ce ta ci zinare, ta sake ci a Sidni a 2000. Wurin namu ne mu ma.

Sabon Mahayi:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, Allah ya ƙara kiyayewa. Wallahi labarinki ya taɓa ni, domin ni ma ban taɓa gwada birkin keken haya kafin in hau ba. Na ajiye batun haya. Zuciyata kuma ta fi karkata ga sabon, saboda abin da Malam Mai Gyara ya lissafa ya fi ƙarfin sanina a yanzu. Sai dai na ga ana rubuta 27.5 da 29 a jikin tayoyi, kuma firam ɗin ma girma-girma ne. Yaya zan gane wanda ya dace da ni?

Mai Gyara:

Waɗannan lambobi faɗin wili ne da inci. A da kusan duk keken dutse 26 ne, yanzu kasuwa ta koma kan 27.5 da 29. Babban wili ya fi sauƙin haye dutse da rami, kuma idan ya ɗauki gudu yana riƙe shi. Ƙaramin ya fi saurin juyawa a matsattsiyar kwana, kuma yakan fi dacewa da wanda ba shi da tsawo sosai. Amma girman firam ya fi wili muhimmanci nesa ba kusa ba. Kada ka karɓi wanda ya yi maka girma don an ce shi ya rage. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka ka tabbata akwai sarari tsakaninka da sandar sama, sannan ka hau ka ji ko hannunka ya kai kan keken ba tare da ka miƙe kamar mai rarrafe ba. Tsawon sirdi kuwa, ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, to idan ka mayar da tafin ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa daidai yadda ake so.

Ka nemi mai birkin faifai wanda yake aiki da mai, domin yatsa ɗaya ya ishe shi, sauran yatsun su riƙe kan keken. Idan wilin zai karɓi taya marar tib, wadda ake zuba wa ruwan liƙi a ciki, ka yi hakan. Ƙaya idan ta huda, ruwan yakan toshe ƙofar kana cikin tafiya, kuma za ka iya rage iska domin tayar ta kama ƙasa sosai. Sababbin shiga suna yawan cika taya da iska har ta zama kamar dutse, sai su yi ta zamewa suna zargin keken.

Kuma kada ka kashe kuɗin duka a kan keken. Ka ware na hular kwano, da safar hannu, da ƙaramin famfo, da tib ɗaya na ajiya ko da tayarka marar tib ce, da kayan faci, da 'yan alanki, da ƙwayar haɗa sarƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hular kwano kuma da zarar ta daki ƙasa da ƙarfi aikinta ya ƙare, domin soson da ke cikinta sau ɗaya yake matsewa ya sha bugun, ko da daga waje ba ka ga tsaga ba.

Mai Sabuwar Gwiwa:

A gafarce ni in shigo da wani abu da ba a ambata ba. Ni bayan an yi mini aiki a gwiwa na ɗauka na yi bankwana da duwatsu, sai keke mai batir ya mayar da ni. Mutane suna ɗauka babur ne, alhali irin wanda dokar Tarayyar Turai ta amince a kira shi keke, injinsa wat 250 ne, ba ya taimako sai kana taka feda, kuma yana janye taimakon idan ka kai kilomita 25 a awa. Ina gumi, zuciyata tana bugawa, sai dai tudun da zai kwantar da ni kwana biyu yanzu ina hawa in sauko in sake. Ba ina cewa Sabon Mahayi ya saya ba, ƙafarsa lafiya lau take. Ina so ne kawai a daina yi wa masu shi kallon waɗanda suka yi satar hanya.

Tsohon Mahayi:

Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Zan faɗi gaskiya, ina cikin masu yi wa keke mai batir wannan kallo a da, kuma maganarka ta sa na sake tunani. Wanda zaɓinsa shi ne ko batir ko zaman gida, babu mai hankalin da zai ce ya zauna. Abin da nake jin tsoro shi ne matashi mai cikakkiyar lafiya ya fara da shi, ya rasa abin da Hajiya ta kwatanta, wato tudun da yake auna maka kanka shekara bayan shekara.

Ɗan Gangara, na ji ƙorafinka, kuma ba na cewa wahala ita ce manufa. Sai dai sunanka ma ya nuna inda zuciyarka take, ni kuwa tawa tana wajen hawa. A 1897 wasu sojoji baƙaƙen fata su ashirin na runduna ta 25 ta sojan ƙasa na Amurka sun tashi daga Missoula a jihar Montana zuwa birnin St. Louis, tafiyar kusan kilomita 3,000, suka yi ta cikin kwana 41 a kan kekuna masu giya ɗaya, da kayansu da bindigoginsu, ta cikin tsaunuka da taɓo da yashi, wani wurin ma sai dai su bi layin dogo suna turawa. Duk lokacin da na tsaya a tsakiyar tudu ina tunanin da kekena ya fi haka da na wuce, nakan tuna da su, sai in sauke giya in ci gaba. A tseren Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2004, ana tafiya ne bibbiyu har kwana takwas, kuma ba a yarda ɗaya ya yi wa ɗan'uwansa nisa ba. Wannan tsarin ya fi kusa da abin da nake nema a duwatsu fiye da saurin sauka.

Uwar 'Yan Biyu:

Tunda an zo kan batun tafiya da jama'a, ƙanina, ka riƙe ladabin turba tun yanzu. Ƙungiyar masu hawan keken dutse ta duniya, wato IMBA, da aka kafa a 1988 ta taso ne a lokacin da ake rufe wa masu keke hanyoyi a Kalifoniya saboda ƙorafin sauran masu amfani da su, kuma ƙa'idojin da ta shimfiɗa har yau su ake bi a wurare da yawa. Mai keke shi yake ba mai tafiya a ƙasa da mai doki hanya, mai saukowa kuma shi yake kauce wa mai hawa, domin wanda ya tsaya a tsakiyar tudu da wuya ya iya sake tashi. Idan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi har taya tana barin rami, a haƙura sai ta sha iska, saboda ramin nan shi ruwa zai bi ya mayar da turbar kwazazzabo. Kuma duk ranar da za ka fita kai kaɗai, ka gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin da ya kamata a gan ka.

Ɗan Gangara:

Baba, na karɓa, kuma ban san labarin sojojin nan ba sai yau. Har yanzu ina kan cewa wata rana Sabon Mahayi zai nemi shokazoba ta biyu, amma na yarda ba da na hannu mai shekara biyar ya kamata ya fara ba. Tunda kuwa mai ɗaya zai saya, bari in ba shi abin da zai tsare shi a gangara. Ɗan'uwa, ka sauke sirdi ƙasa kafin ka fara sauka, ka miƙe a kan feda suna daidai da juna, diddige ya ɗan nutsa, gwiwoyi a sake. Ka yi birkinka kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba, kuma kada ka ji tsoron birkin gaba, shi ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, abin da ake gudu shi ne a damƙe shi gaba ɗaya. Mafi girma duka, idonka ya kasance a inda kake so ka bi. Duk dutsen da ka ƙura wa ido, shi tayarka za ta je ta samu.

Sabon Mahayi:

Assalamu alaikum. Na dawo bayan sati uku domin in sanar da ku inda aka kwana. Na sayi sabon mai shokazoba ɗaya, wili 29, birkin faifai, tare da hular kwano da sauran kayan da Malam ya lissafa. Na fita da shi sau biyar. A fita ta uku wani dutse mai kaifi ya yanka gefen tayar baya, yankan ya fi ƙarfin ruwan liƙin, na ji iska tana fita da ƙara ruwan yana feshi a ƙafata. Na juya keken, na cire wilin, na zare bawul ɗin, na sa tib ɗin ajiyar, na ninke wata 'yar leda mai kauri na tare yankan daga ciki, na yi ta bugun famfo har hannuna ya gaji. Ya ɗauke ni fiye da rabin awa, hannuna duk baƙi, amma na koma gida a kan kekena ba a ƙafa ba, kuma ban taɓa jin keken ya zama nawa kamar a wannan yammacin ba. Hajiya, ni ma na samu tudun da nake tsayawa sau biyu a cikinsa, kuma na yi wa wuraren alama.

Abu ɗaya ne yake damuna. Tun shekaranjiya da na wanke keken na sa wa sarƙa mai, birkin baya yake wani irin kuka idan na kama, kuma ba ya tsayar da ni kamar da. Ko na ɓata wani abu ne?

Mai Gyara:

Barka da arziki, Allah ya sa ka more shi lafiya. Alamun da ka faɗa suna nuna mai ya taɓa faifan birkin, kuma hakan yana yawan faruwa idan da na feshi aka yi amfani, domin faifan baya yana dab da sarƙa. Kada ka fita gangara da shi a haka. Ka cire wilin, ka goge faifan da tsumma mai tsabta da sifirit irin wanda ba ya barin maiƙo, kuma kada ka sake taɓa shi da yatsa. Ka zaro takalman birkin ka duba. Idan sun yi baƙi suna sheƙi, ka ɗan goga su a kan sanfefa mai laushi, idan kuwa man ya shige su sosai to canji ne kawai maganinsu. Yayin da wilin yake a cire kada ka kama hannun birkin, domin bakinsa zai haɗe ya hana faifan komawa. Bayan ka mayar da komai, ka sami shimfiɗaɗɗen wuri ka ɗauki ɗan gudu, ka rage shi da birki har kusan tsayawa ba tare da tayar ta ja ƙasa ba, ka maimaita kamar sau ashirin har ka ji ƙarfinsa ya dawo. Nan gaba ka riƙa ɗiga wa sarƙa mai ƙwaya-ƙwaya kana juya feda baya, ka bar shi ya shiga, sannan ka goge na saman da tsumma. Tayar da ta yanke kuma ka ɗauki hoton yankan ka sa a nan, in gani ko za ta ɗinku ko sai wata.